Shekarar da Baba Ya Gina Rumbun Siminti

Tsufa ya fara ƙwace mini abubuwa da yawa: sunayen abokan makaranta, inda na ajiye tabarau, wani lokacin har dalilin da ya shigo da ni ɗaki. Amma shekarar da mahaifina ya gina rumbun siminti a gidanmu, a wani ƙauye tsakanin Batsari da Ruma, wannan kam ko daga suma aka tashe ni zan ba da labarinta daki-daki. Ba zan taɓa mantawa da ita ba, domin ko ni na manta, hancina ba zai manta ba.

Sai na fara gaya muku ko wane ne mahaifin nawa. An haife shi tun kafin zuwan Turawa, lokacin da Katsina ke kai gaisuwa Sakkwato, mutanen yankinmu kuma ba sa yin nisa da ganuwa saboda mahara. Yana saurayi ya shiga soja, aka sa shi cikin masu aikin gada da hanya. Ya hau jirgin ruwa daga Ikko, a cewarsa bai daina amai ba sai a Mumbasa. Ya yi yaƙin Turawa da Jamus a wasu dazuzzuka da bai taɓa faɗin sunansu sau biyu iri ɗaya ba. Da ya ajiye bindiga sai ya ɗauki guduma. Ya yi aikin layin dogo, ya gina kwalbatoci, ya haƙa rijiyoyi daga Kamaru har Gwanja. Daga baya ya tafi Makka da ƙafa, ta hanyar Sudan, ya dawo da tsaraba kaɗan da suka mai yawa a kan yadda aka gina gadojin hanya. Ba shi da takardar injiniya, amma Turawan da ke da ita shi suke aika wa in gini ya ƙi. Mutanen ƙauye na ce masa Injiniya, tsofaffin abokansa na ce masa Saje, liman na ce masa Alhaji. Duka ukun yana amsawa, kuma ya fi jin daɗi in an haɗa masa su wuri ɗaya.

Da ya bar aiki ya dawo gida, sai ya mayar da gidan bariki. Yana da usur na ƙarfe da yake ratayawa a wuya. Busa ɗaya, a fito. Busa biyu, a kama hanyar gona. Busa uku, wani ya yi laifi. Mu goma sha tara ne a gidan in an haɗa da yayyena biyu da matansu da 'ya'yansu, kuma kowane namiji na da muƙami. Babban yayana kofur ne. Ni ɗan auta, duk da na ba shekara ashirin baya, ina koyarwa a firamaren Batsari, ga keke ga agogo, kurtu nake. Mutum ɗaya ce ba ta cikin rundunar, ita ce mahaifiyarmu, Inna. Iyakar tafiyarta a duniya Katsina, can ɗin ma sau ɗaya, ta dawo ta ce ruwansu ba daɗi. In Baba ya busa usur sai ta ci gaba da abin da take yi, ta ce, "Malam, a hankali mana, kar ka firgita mini kaji."

A shekarar da nake ba ku labari damina ta yi kyau ƙwarai. Gero ya yi kai, kowa na murna. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Baba ya tara mu a gindin bishiyar bedin da ke ƙofar gida ya sanar da cewa daga bana an daina zuba hatsin gidansa a tukunyar laka mai hular ciyawa. Rumbunanmu yake nufi. Guda huɗu ne, na ƙasa, a zaune a kan duwatsu, kowanne da jinkarsa. Ya ce zai gina guda ɗaya na siminti da rodi, mai marfin ƙarfe, wanda ɓera ba ya shiga, gara ba ta ci, ɓarawo ba ya fasawa, wuta ba ta kamawa. Da ya zo kan wuta sai da ya maimaita, amma a lokacin ban kula ba.

A nan ne nawa laifin ya shigo, kuma tunda na ɗauki alƙalami gara in faɗi gaskiya. Wani malamin gona ya taɓa ba ni wani ɗan littafi na Turanci mai hoton irin wannan ma'aji. Na ɗauko shi na buɗe wa Baba. Na fassara masa shafin farko da na biyu da murya irin ta mai ilimi, ina ɗaga yatsa. Sauran shafukan rubutun ya yi ƙanana, babu hoto, sai na rufe na ce duk maimaici ne. Baba ya dube ni, karo na farko a rayuwata, kamar wanda zai iya zama kofur wata rana. Tun daga wannan kallon na zama babban mai wa'azin siminti a ƙasar Ruma.

Aka rushe rumbuna uku don a sami fili. Da aka zo kan na huɗu sai aka tarar da Inna zaune a gindinsa tana tsinke zogale. A wajenmu hatsi iri biyu ne: na gandu, wato na babbar gonar da duk gida ke nomawa, wanda ke hannun maigida, da na gayauna, 'yar gonar da mace ko saurayi ke nomawa don kansa. Rumbun nan na huɗu nan Inna da surukanta ke zuba dawar gayaunarsu.

Baba ya ce, "Uwargida, a tashi, aiki zai wuce."

Ta ce, "Ya wuce ta gefe."

"Ai za a ba ku wuri a sabon."

"Mun gode. Dawarmu ba ta yi boko ba, ba za ta iya zama da geronku ba."

Baba ya busa usur sau uku. Inna ta ci gaba da tsinkar zogale. Daga ƙarshe ya juya ya shaida wa rundunarsa cewa dama ba a haɗa kayan farar hula da na soja a sito ɗaya, kuma shi ne ya yanke shawarar a bar rumbun.

Wanda ya gina mana waɗannan rumbuna tun farko wani tsoho ne daga unguwar Maguzawa da ke bayan dutse, sa'an Baba, abokin wasansa tun suna yara. Duk yankin ba wanda ya kai shi iya ginin rumbu. Da labari ya kai masa sai ga shi da sandarsa, ya zagaya ginin sau biyu, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne.

Ya ce, "Saje, wanga abu ta ina zai yi numfashi?"

Baba ya ce, "Ba zai yi ba. Abin da ake so ke nan. In ba iska, ƙwaro ya mutu."

"To shi hatsin fa? Rai gare shi, ka sani."

"Kai dai ka tsaya ga lakarka. Ni na ɗora jirgin ƙasa a kan kogi."

Tsohon ya ce, "Na ji. Amma jirgin ba a tuƙa tuwo da shi." Ya saɓa sandarsa ya tafi yana dariya.

Gini dai ya yi kyau, wannan ba wanda zai musa. Dogo ne, zagayayye, sumul kamar ƙwai, da matakala ta ƙarfe a jiki da ɗan bututu a gindi mai toshiya, inda za a riƙa tsiyayo hatsi. Mutane suka riƙa zuwa kallo har daga Runka. Matsalar ita ce Baba ya riga ya rubuta ranar rufewa da alli a jikin bangon zaure, kuma a wajensa ranar da aka rubuta ta fi ƙarfin sararin sama. Mu mun saba ajiye gero da zangarniyarsa, dami-dami, bayan ya sha rana a gona har ya gaji. Shi kuwa ya ce tsaba za a zuba don kada a ɓata wuri. Mata suka kwana biyar suna sussuka suna zaginmu a cikin waƙa. Ana cikin haka wani ruwan sama na ban-kwana ya sauko ya jiƙa damman da ke waje. Aka shanya su yini ɗaya. Simintin kansa bai fi mako uku da shafawa ba.

Ranar zubawa Inna ta ɗebi 'yan ƙwayoyi a ƙwarya ta jefa a baki ta tauna. Ta ce, "Malam, geron nan bai ce ƙas ba. A ƙara masa kwana huɗu a rana."

Baba ya ce, "A soja ba a neman shawarar haƙori."

Ni kuma, Allah ya yafe mini, na ƙara da cewa ilimin zamani ya wuce taune-taune. Inna ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta ce, "Sannu, Malam ƙarami." Ta ajiye ƙwaryar ta wuce ɗakinta.

Aka zuba abincin shekara na mutum goma sha tara a ciki, aka bar 'yan buhunan da za su kai mu bazara. Baba ya hau da kansa ya rufe marfin, ya liƙe gefensa da kwalta, ya kulle, ya ba da oda cewa ba mai buɗewa sai ruwan shuka ya sauka.

Da sanyi ya shigo sai wani abu ya fara faruwa. Kullum da safe za ka tarar da awakin gidan sun jeru sun jingina da jikin rumbun, idanu a lumshe. Kaji na kwance a gindi. Kyanwar Inna, wadda ba ta taɓa barin bakin murhu ba, ta yi ƙaura ta koma can. Baba ya nuna mana su da sanda, ya ce, "Kun gani? Dabba ma ta san aikin ƙwarai."

Inna ta dafa bangon da tafin hannunta, ta kira ni. "Zo nan, mai littafi. Taɓa."

Na taɓa. Da ɗumi, kamar jikin mai zazzaɓi. Na gyara murya na ce siminti yana riƙe zafin rana.

Ta ce, "Ranar da ta faɗi tun jiya? Bangon zauren ubanka ma da siminti aka shafe shi. Je ka taɓa shi ka dawo."

Ban je ba, domin na san abin da zan tarar.

Inna ta san hatsin na lalacewa, amma hannunta a ɗaure yake. A al'adarmu mace ba ta hawa rumbun mijinta, ba ta leƙa cikinsa. Abin da ya auno ya ba ta shi za ta karɓa. Ta yi masa magana sau biyu a ɗaki, ya ce oda oda ce. Yayyena kuwa sun gwammace su fuskanci kura da su fuskanci Baba. Kowace safiya da awaki suka ƙara jin daɗi, abincinmu ke ƙara tafiya. Sai Inna ta aika aka gaya wa tsohon magini cewa jinkar rumbunta na son gyara.

Jinkar lafiyarta lau. Tsohon ya zo ya dube ta da ido ɗaya, ya wuce kai tsaye wajen na siminti. Ya durƙusa a bakin bututun nan na gindi ya kai hancinsa. Ya shaƙa. Ya sake shaƙa, a wannan karon a hankali, irin na wanda ya gamu da tsohon masoyi. Sai ya zauna dirshan a ƙasa ya kama dariya har da hawaye.

Baba ya fito daga zaure. "Lafiya?"

"Lafiya lau, Alhaji. Ashe abin da ka koyo a Makka ke nan?"

"Me kake nufi?"

"Shekara sittin ina shan giyar gero, ban taɓa ganin tukunya mai girman wagga ba. Har da matakala! Yaushe za a tace? Ka yi mini alƙawarin ƙwaryar farko, don zumunci."

Baba ya kore shi da sanda. Amma kafin ranar kasuwar Batsari labari ya riga mu isa. Muna shiga, wani dattijo daga bayan dutse ya cire hula ya gaishe da Baba, ya tambaya ko za a sayar musu a tulu ne ko sai sun zo da ƙwaryarsu. Mahauta suka ɗauka. Masu gishiri suka ɗauka. Bayan sallar azahar liman ya ja shi gefe ya ce shi dai bai yarda da zancen ba, amma yana da kyau a kashe bakin mutane. Abin da matarsa ta kasa da lallashi, da abin da yunwa mai zuwa ta kasa, kunya ta yi shi a yini ɗaya. Baba zai iya jure a ce ya yi kuskure, tunda ba zai saurara ba. Amma a ce Alhaji na dafa giya, wannan ya fi ƙarfinsa.

Washegari da hantsi aka taru. Rabin ƙauyen ya zo, wasu a kan katanga, wasu a kan bishiya. Baba ya sa tsohon kakinsa da lambobinsa biyu a ƙirji, ya ce yau zai nuna wa jahilai gero fari tas. Muka hau tare, ni da shi. Ya kankare kwaltar, muka ɗaga marfin.

Na yi shekaru daga baya ina karanta labarai a gidan rediyo, na koyi nemo kalma ga kowane irin bala'i, amma har yau ban samo wadda ta dace da abin da ya bugi fuskarmu ba. Tsami ne da ɗumi da ruɓa a haɗe. Mutanen da ke kan katanga suka fara sauka da kansu. Daga ƙasa na ji muryar tsohon magini yana cewa, "Ta nuna!"

Hatsin ya sauka ƙasa, tsakaninsa da baki ya fi tsayin mutum, ciki kuma duhu. Ni a lokacin ba abin da ke raina sai in wanke kaina. Na ce wataƙila saman ne kawai, bari in shiga in tona. Na riga na zura ƙafa ɗaya sai na ji an damƙi wuyan rigata an fizgo ni baya da ƙarfin da ban san tsoho mai shekara kusan saba'in na da shi ba.

"Kurtu! Wa ya ba ka oda?"

Muryarsa ta canja. Ba ta fareti ba ce, wata ce da ban taɓa ji ba. Ya ce a miƙo fitilar ƙwai da igiya. Ya kunna ta da rana tsaka, mutane na kallon juna, ya zura ta a hankali. Ba ta kai ga hatsin ba harshen wutar ya yi ja, ya tsuke, ya mutu. Ya jawo, ya sake kunnawa, ya sake zurawa. Ta sake mutuwa.

Babban yayana ya ce ko kananzir ne ya ƙare. Baba ya ce a kamo kaza a sa a kwando. Aka yi rashin sa'a, hannu ya faɗa kan wadda Inna ta fi so.

Inna ta ce, "Ka gama da geron, yanzu kuma kan kajina ka dawo?"

Aka zura kazar tana kururuwa. Kafin a ƙirga ashirin ta yi shiru. Baba ya jawo da sauri, ga ta kwance, wuya ya langaɓe. Ana miƙo ta ƙasa Inna ta fizge ta, ta buɗe mata baki tana hura mata iska tana faɗin maganganun da ba zan rubuta ba. Can kazar ta buɗe ido, ta miƙe tana tangaɗi, ta nufi bayan ɗaki. Wani daga kan bishiya ya ce ita ta sha ƙwaryar farko. Aka fashe da dariya.

Baba bai yi dariya ba. Ya sake damƙe wuyan rigata. Ya ce da ni a hankali, yadda ba wanda zai ji, "A wata rijiya a Kamaru na zura abokina da hannuna, na jawo gawa. Iskar da ta kashe fitila tana kashe mutum. Ko ba na raye, kada ka shiga rami sai wuta ta riga ka."

Ya sa aka saro rassan marke masu ganye aka ɗaure a igiya, muka yi ta zurawa muna jawowa kamar masu ɗiban ruwa, har muguwar iskar ta fita. Sai da fitila ta zauna a kan hatsin tana ci lafiya, sannan ya ɗaura mini igiya a ƙugu, ya naɗe ɗaya bakin a hannunsa, ya ƙi ba kowa. Na sauka. Saman ya yi ɓawo baƙi da kore. Na jikin bango ya dunƙule kamar tubali. Can tsakiya ne na iske wanda za a iya kira gero, shi ma da zafi da tsami. Kwana uku muna fitarwa muna shanyawa a kan duk wata tabarma da ke ƙauyen. Abin da ya tsira bai fi kashi ɗaya cikin uku ba.

A rana ta uku ina juya hatsi a rana tare da samari, ina kwaikwayon tafiyar Baba ina cewa "ɓera ba ya shiga, gara ba ta ci," suna dariya. Na manta ni ne mai littafin. Sai na ji sanda a ƙafata. Tsohon magini ne.

Ya ce, "Ni ke da izinin yi mashi dariya, ba kai ba. Zauna."

Na zauna. Ya ce lokacin suna 'yan shekara takwas, kafin Turawa, mahara suka faɗo wa garinsu bayan kaka. Mutane suka tsere kan dutse. Daga can suka riƙa kallon rumbunan garin na ci da wuta ɗaya bayan ɗaya, jinka na kama jinka. Rai bai salwanta ba a ranar, amma kafin damina yunwa ta yi abin da mahara ba su yi ba. Baba na da ƙanwa da yake goyawa ko'ina. A bayansa ta cika, suna hanyar tonon saiwa, bai sani ba sai da suka iso gida.

Tsohon ya ce, "Duk yawon da ubanka ya yi, abu ɗaya ya tafi nema: rumbun da wuta ba ta ci. Ya samo shi kuwa. Ruwa ne bai yi tunani ba."

Baba bai taɓa gaya mana yana da ƙanwa ba. Da yammacin ranar na ɗauko ɗan littafin nan na karanta shi har ƙarshe, abin da ya kamata in yi tun farko. A shafi na ƙarshe, cikin ƙananan haruffa, an rubuta cewa kada a kuskura a rufe hatsi a irin wannan ma'aji sai ginin ya bushe sarai, hatsin kuma ya bushe har in an ciza ƙwayar ta fashe da ƙara. Wato Baturen da ya rubuta littafin da Inna bakinsu ɗaya. Na kai wa Baba na karanta masa, ina jiran busa uku. Sai ya ce, "Kai ba ka karanta har ƙarshe ba, ni ban saurara ko farko ba. Tashi mu je."

Muka je ƙofar ɗakin Inna. Tana zaune tana kaɗi. Baba ya tsaya ƙyam, ya haɗa ƙafafu, ya sara mata kamar yadda ake sara wa hafsa.

Ya ce, "Uwargida, sito ya faɗi. Ina da baki goma sha tara, abin da ke hannuna ba zai kai mu kaka ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Dawar farar hula kake so?"

"Ita nake roƙo."

"Da sharaɗi. Ni ke awo, ba mai leƙa mini rumbu. Kuma a ba ni abin busar nan."

Ya ciro usur ɗin daga wuyansa ya miƙa mata da hannu biyu.

Daga ranar mulki ya koma hannunta. Ta riƙa haɗa dawar gayauna da geron nan mai tsami, mudu biyu da mudu ɗaya, ta cika da rama da tafasa da zogale. Tuwon ba ya son miya, don ya zo da tsaminsa. In an gama sai ta busa usur sau ɗaya, Injiniya Saje Alhaji ya fito daga zaure da sauri ya zauna. Amma na lura ba ya fara ci sai jikokinsa sun ture akushi, kuma sau da yawa yakan ce ya ci goro ya ƙoshi, ya tura nasa gabansu. Kafin tsakiyar damina sai da ya huda sababbin ramuka biyu a bel ɗinsa. Rumbun Inna ya kai mu da ƙyar. Ranar da ta share gindinsa da tsintsiya, a ranar babban yayana ya shigo da zangarniyar sabon gero ta farko aka gasa tumu. Ba mu rasa kowa ba. Baba ya ƙirga mu da ido, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya karɓi nasa.

Kafin kaka ta gaba ya tafi bayan dutse da ƙafarsa ya ɗauko tsohon magini. Na ga mutumin da ya ɗora jirgin ƙasa a kan kogi ya naɗe wando yana taka laka da ciyawa, abokinsa na zaune a inuwa yana ce masa, "Taka da kyau, kurtu." Suka tayar da rumbuna uku, amma Baba ya sa aka ba su tazara mai yawa, yadda in ɗaya ya kama wuta ba za ta kai ga ɗan'uwansa ba. Tsohon ya auna tazarar da ido, ya ce wannan kam Saje ya fi shi gaskiya.

Na simintin kuwa, Baba ya wanke shi da toka sau bakwai, ya jawo masa indararo daga rufin kwanon zaure. Ashe tun farko tanki ya gina bai sani ba. Ɗigo ɗaya ba ya yoyo. Har ya rasu, shekara tara bayan haka, matan unguwarmu ba su ƙara tafiya rafi da farkon rani ba, kuma duk baƙon da ya zo sai ya kai shi ya nuna masa, ya ce dama haka ya tsara. Inna takan ce, "Ƙwarai kuwa. Geron gwaji ne."

Abin da shekarar nan ta koya mini bai da yawa, amma ya yi mini aiki har na yi furfura. Duk takardar da aka miƙo mini, sai na kai ƙarshenta kafin in buɗe baki. Duk wanda ya daɗe yana aiki da hannunsa, in ya ce abu bai yi ba, nakan tsaya in ji dalili, ko da iyakar tafiyarsa Katsina ce. Kuma na daina saurin yi wa taurin kan tsoho dariya, sai na san abin da ya goyo tun yana yaro. Tankin na nan har yau a gidanmu. Duk lokacin da za a wanke shi, jikokin Baba, har waɗanda ba su taɓa ganinsa ba, sukan zura fitila tukuna.